MANYAN JIRAGEN RUWA A TELEBIJIN: SAMA BIKI, ƘASA AIKI

Wani dare da damina, bayan an idar da sallar lisha, muna zaune da wani dattijo maƙwabcina a gaban akwatin telebijin, sai aka sako shirin wani ƙasaitaccen jirgin ruwa. Fari ne fat, hawa bisa hawa, sai ka ce an ciccibo wata unguwar masu hannu da shuni an ɗora a kan ruwa. Ga wuraren wanka, ga gidajen abinci, ga dandalin wasanni, har da lambu mai itatuwa na gaske a tsakiyarsa. Dattijon nan ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Can sai ya juyo ya ce mini, "Malam, wai duk wannan taro ina za su?"

Na ce, "Baba, ai babu inda za su. Kwana bakwai za su yi suna zagayawa, sa'an nan a komo da su inda aka ɗauke su."

Ya riƙe baki ya ce, "Kuma su biya kuɗi?"

Na ce, "Su biya, Baba, har da tukwici."

Mun yi dariya a daren nan, amma tambayar tsohon ba ta bar ni ba. Gama shi a saninsa, kuma a sanin duk wanda ya girma a zamaninsa, ba a shiga ruwa sai da dalili. Mutum yakan shiga jirgi ne don yana da inda za shi, ko fatauci, ko karatu, ko aikin hajji, kuma yakan shiga ne da addu'a a bakinsa, iyalinsa na kuka a baya. To, yaya aka yi abin da ake yi bisa tilas ya zama abin da ake tara kuɗin shekara don a yi? Amsar tana cikin tarihin jiragen kansu, kuma telebijin yana da hannu a ciki dumu-dumu.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya rarrabe iri biyu na waɗannan jirage, don masu shirye-shiryen telebijin sukan cakuɗa su. Akwai wanda za mu kira jirgin fito, watau wanda aikinsa shi ne ya ƙetare teku da fasinja da wasiƙu daga wannan tasha zuwa waccan a ranar da aka yanka, ko da hadari ko babu. Irin wannan akan gina shi da ƙarfe mai kauri, da dogon hanci mai tsaga igiyar ruwa, da inji mai ƙarfin gaske. Akwai kuma jirgin shan iska, irin wanda muka gani da maƙwabcina. Shi wannan masauki ne da aka yi wa inji. Ba ya gaggawa, ba ya neman faɗa da teku, inda rana take da ruwa kwance nan yake bi.

ZAMANIN DA BABU HANYA SAI RUWA

A shekarar 1840 ne wani ɗan kasuwa mai suna Samuel Cunard, bayan ya sami kwangilar ɗaukar wasiƙun gwamnatin Ingila, ya tura jirginsa mai suna Britannia daga Liverpool zuwa Halifax da Boston. Daga nan aka shiga shekara ɗari da 'yan kai ana tsere a Tekun Atalantika. Ingila ta gina, Jamus ta gina wanda ya fi, Faransa da Italiya su ce ba za a bar su a baya ba. Jirgi ya zama tutar ƙasa, kamar yadda doki da kayansa ke nuna darajar mai shi ran hawan salla. Wanda duk ya fi saurin ƙetarewa akan ce ya karɓi shuɗin kambi, kuma na ƙarshe da ya karɓe shi cikin manyan jiragen fito shi ne na Amurka mai suna United States, wanda a 1952 ya ƙetare cikin kwana 3 da awa 10 da minti 40.

Wannan zamani shi masu shirin tarihi suka fi ƙauna, kuma ba a ga laifinsu ba, don akwai abin kallo. Za a nuna maka Normandie na Faransa, wanda ya fara aiki a 1935, da zauren cin abincinsa mai fitilun gilashi. Za a nuna maka Queen Mary na Ingila, na 1936, da attajirai da 'yan wasan sinima suna saukowa daga matakala cikin kayan dare. Kiɗa na tashi a hankali, mai bayani yana magana da muryar wanda ya yi rashi. Kafin a gama, kai da ba ka taɓa ganin teku ba sai ka ji kana begen zamanin da ba naka ba.

Amma fa ba waɗannan attajirai ne kaɗai suka riƙe kamfanonin ba. Kafin Yaƙin Duniya na Farko, babbar ribar tana can ƙasa, a aji na uku, inda ake loda talakawan Turai masu gudun yunwa da zalunci, Italiyawa da mutanen Ailan da Yahudawan Rasha da sauransu. Tsakanin 1892 da 1954 kimanin mutum miliyan 12 ne suka shiga Amurka ta tsibirin Ellis da ke bakin New York, kuma a cikin irin waɗannan jirage suka zo. Su ba shan iska suka fito ba. Da yawansu sun sayar da duk abin da suka mallaka ne suka sayi tikitin tafiya ba dawowa. A ƙarƙashinsu kuma akwai masu zuba kwal a tanderun inji, tsirara daga ƙugu zuwa sama, cikin zafin da ba ya misaltuwa, dare da rana. Lokacin da Amurka ta tsuke ƙofarta da dokokin 1921 da 1924, sai da kamfanonin suka ji a jikinsu, suka shiga gyara ɗakunan ƙasa suna neman 'yan makaranta da malamai masu son ganin Turai da araha.

Yaƙi ma ya ci rabonsa. Normandie ya kama da wuta a tashar New York a 1942 ana cikin mai da shi jirgin soja. Queen Mary kuwa aka shafe shi da toka-toka, aka cire kayan alatunsa, har a watan Yuli na 1943 ya ɗauki mutum 16,683 a tafiya guda, sojoji da ma'aikata, ana kwana ana tashi bi da bi don gado bai isa ba.

WANDA BA A GAJIYA DA LABARINSA

Duk cikin jiragen nan babu wanda telebijin ya tatsa kamar Titanic, alhali kuwa ko tafiya ɗaya bai kammala ba. Ya bar Southampton ran 10 ga Afrilu 1912, ya yi karo da dutsen ƙanƙara daren 14 ga wata, kafin asubar 15 ya nutse. Cikin mutum sama da 2,200 da ke ciki, kimanin 1,500 suka halaka. Kwale-kwalen ceto 20 ne kacal a jirgin, waɗanda ko an cika su maƙil ba za su ɗauki fiye da rabin jama'ar da 'yan kai ba, kuma abin takaici, dokar wancan lokaci ba ta ce an yi laifi ba.

A nan ne mutum yake gane shiri mai kyau da mara kyau. Mara kyau zai ɓata rabin lokacinsa a kan matakalar faskila da irin abincin da aka ci a daren ƙarshe. Mai kyau kuwa zai ajiye maka lissafi: cikin fasinjan faskila kimanin kashi 60 cikin 100 sun tsira, amma cikin na aji na uku wajen kashi 25 ne kawai. Zai kuma gaya maka cewa injiniyoyin jirgin babu ko ɗaya da ya fita, don sun tsaya can ƙasa suna riƙe da wutar lantarki da famfunan kwashe ruwa har ƙarshe. Wannan hatsari ne ya haifi yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku a 1914, wadda aka yi ta sabuntawa har ta zama doka cewa kowane rai da ke cikin jirgi yana da gurbi a abin ceto.

Shekara 73 jirgin ya yi a kwance ba wanda ya san takamaiman wurinsa, sai ran 1 ga Satumba 1985 ayarin Robert Ballard na Amurka da Jean-Louis Michel na Faransa suka gano shi a zurfin kimanin mita 3,800. A shekarar da ta biyo ƙungiyar National Geographic ta fitar da shirinta na hotunan gawar jirgin, tun daga nan kuma ba a huta ba. Sha'awar ta kai har a watan Yuni na 2023 mutum biyar suka rasa rayukansu cikin wani ɗan ƙaramin jirgin nutso mai suna Titan, a kan hanyarsu ta zuwa kallon tarkacen. Allah Ya kyauta.

JIRGIN SAMA YA YI MUSU SAKIYAR DA BA RUWA

Abin da dutsen ƙanƙara da yaƙi biyu suka kasa yi, jirgin sama ya yi shi cikin shekara goma. A watan Oktoba na 1958 jiragen sama masu injin jet, Comet na Ingila da Boeing 707 na Amurka, suka fara jigilar fasinja a kan Atalantika. Tafiyar kwana biyar ta koma ta 'yan awoyi. Wa zai ƙara yarda ya sha jiri da amai na mako guda? A 1967 Queen Mary ya yi ritaya, aka kai shi Long Beach a Kalifoniya ya zama masauki da gidan tarihi. United States ya daina aiki a 1969, ya yi shekara da shekaru yana tsatsa, har a 2025 aka ja shi daga Philadelphia zuwa Alabama don a shirya nutsar da shi ya zama gidan kifi a gaɓar Florida. Queen Elizabeth 2, wanda ya fara a 1969, shi ya daure har 2008, sa'an nan aka buɗe shi a matsayin otal a Dubai a 2018. A 2004 kamfanin Cunard ya fito da Queen Mary 2, wanda aka gina shi bisa tsarin jirgin fito na ainihi, mai yin kwana bakwai tsakanin Southampton da New York. Masu shigarsa ba rashin jirgin sama ya sa su ba, marmari ne.

To, masu jirage da suka ga kasuwa ta watse sai suka tuna da wata tsohuwar dabara. Tun a 1891 Albert Ballin, ɗaya daga cikin shugabannin wani kamfanin jirage na Hamburg a Jamus, ya lura cewa da hunturu jiragensa zaman banza suke yi, don ba mai son ƙetare Atalantika cikin sanyi da guguwa. Sai ya tura ɗaya Bahar Rum da masu kuɗi, su yi yawo su dawo. Abin ya karɓu, har a 1900 kamfanin ya gina jirgi musamman don wannan. Dabarar ce aka farfaɗo da ita a Miami. A 1972 Ted Arison ya kafa kamfanin Carnival da tsohon jirgi guda ɗaya da ya sa wa suna Mardi Gras, wanda a fitarsa ta farko ya kafe a yashi tun bai bar bakin Miami ba. Wanda ya ga wannan farawa ba zai ce kamfanin zai zama babba a duniya a wannan sana'a ba, amma haka ya zama. Shi kuma France, abin alfaharin Faransawa na 1962, wani ɗan Norway ya saye shi a 1979 ya sake masa suna Norway, ya rage masa inji, ya aika shi yawon tsibiran Karibiyan.

Sai dai akwai matsala. Talakan Amurka da na Ingila a ganinsa jirgin ruwa na tsofaffi ne masu dukiya. Wanda ya kawar da wannan tunani shi ne telebijin. Daga 1977 zuwa 1986 tashar ABC ta Amurka ta yi ta nuna wani wasan kwaikwayo mai suna The Love Boat, watau jirgin soyayya, wanda aka gina labarinsa a kan jirgin gaske mai suna Pacific Princess. Kowane mako miliyoyin mutane suna ganin irinsu, akawu da malamar makaranta da mai kanti, sun shiga jirgi da damuwa sun fito da fara'a. Masu sana'ar da kansu sun sha faɗin cewa babu tallar da ta yi musu amfani kamar wannan. Jamusawa ma suka yi nasu, Das Traumschiff, tun daga 1981.

Bayan wasan kwaikwayo sai shirye-shiryen bayani suka biyo, waɗanda ba 'yan wasa a cikinsu. A 1998 BBC ta nuna The Cruise, inda aka bi ma'aikatan jirgin Galaxy da kyamara, har wata mawaƙiyar jirgin, Jane McDonald, ta wayi gari sananniya a Ingila. Daga baya ta sami shirinta na kanta na yawon jirage, wanda ya ci lambar BAFTA a 2018. A Kanada kuma aka fara Mighty Ships a 2008, shirin da ke shiga ɗakin inji da ɗakin matuƙi da madafa, yana ƙidaya maka ƙwai da kaji da buhunan dankalin da ake lodawa cikin 'yan awoyi kafin a tashi. Na yarda, irin wannan yana da daɗin kallo, kuma akwai ilmi a ciki. Amma mai karatu ya riƙe abu ɗaya: kyamara ba ta hawa jirgi sai da iznin mai jirgi. Wanda aka ba masauki da abinci kyauta na mako biyu, da wuya ya fito ya ce miyar gidan ba gishiri.

ME KE JAN MUTANE?

Kada a ɗauka zancen duk talla ce. Akwai dalilai na gaske da suka sa, bisa ƙididdigar ƙungiyar masu wannan sana'a, mutum miliyan 31 da dubu 700 suka yi irin wannan yawo a 2023. Babban dalili shi ne sauƙi. Ka buɗe akwatinka sau ɗaya, ka rataye kayanka, shi ke nan, masaukinka ne ke tafiya da kai. Ka kwana a Sifen ka tashi a Faransa, jibi kana Italiya, ba neman mota, ba cinikin ɗaki, ba tambayar hanya da harshen da ba ka ji. Ga tsoho mai ciwon gwiwa, ko mai keken guragu, ko magidancin da ya ɗebo kaka da jikoki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin ɗaki da na abinci a haɗe suke, mutum ya san abin da zai kashe tun daga gida, ko kuwa dai haka yake zato.

Akwai kuma teku ita kanta. Mu da muka tashi a inda babban ruwanmu shi ne kogi ko tafki, wanda kana wannan gaɓa kana hango waccan, ba mu san yadda zuciya take yi ba in ido ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, bai ga komai ba sai ruwa da sama. Waɗanda suka gani sukan ce a nan mutum yake sanin ƙanƙantarsa. Abin mamaki shi ne, sababbin jiragen kamar ƙoƙari suke su mantar da fasinja wannan. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Ya ninka Titanic wajen sau biyar a girma. Mutum zai iya yin mako a cikinsa tsakanin kantuna da gidajen kallo bai tsaya ya dubi ruwan da ya biya kuɗi don ya hau ba.

Wanda abin ya shiga ransa cikin masu karatunmu, to, ya yi tambaya kafin ya zura hannu a aljihu. Kuɗin da ake tallatawa ba shi ne ƙarshe ba: akwai tukwicin ma'aikata da ake ɗorawa kowace rana, da kuɗin yawon gari in an tsaya, da na intanet, ban da jirgin saman da zai kai ka tashar. Mai fasfo irin namu kuma sai ya nemi biza ta ƙasashen da za a taɓa, in ba haka ba a bar shi a bakin tasha da akwatinsa. Yawancin jiragen nan akwai mashaya da gidan caca a cikinsu, kuma daga nan ne kamfanonin ke samun kaso mai tsoka na ribarsu. Abincin halal kuwa sai an nema tun kafin ranar tafiya. Saudiyya ta lura da wannan giɓi, don haka a watan Disamba na 2024 ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna Aroya daga Jidda, aka fito da shi ba giya ba caca.

ƘASAN JIRGI

Yanzu bari mu sauka inda kyamara ba ta cika daɗewa ba. Matashin nan da ke kawo abinci yana murmushi, da matar da ke gyara ɗaki sau biyu a rana, galibinsu daga Filifin suke, ko Indunusiya, ko Indiya. Sukan sa hannu a kwantaragin wata shida zuwa tara, kuma a cikin watannin nan babu ranar hutu, aikin awa goma ko fiye kullum. Ɗakinsu yana can ƙasa, sau da yawa ba taga, mutum biyu ko fiye. Abin da suke samu ya fi na gida, shi ya sa suke zuwa, da shi ake gina gidaje a biya kuɗin makarantar ƙanne. Amma ɗan da aka bari yana rarrafe, a dawo a tarar yana gudu. Kamfanonin kuwa, ko da ofishinsu na Miami, tutar Bahamas ko Panama ko Malta suke ɗaura wa jiragen, don haraji da dokar ƙwadago sun fi sauƙi a can.

Sai abu ya ɓaci ake ganin ƙasan jirgi. Ran 13 ga Janairu 2012 Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya, saboda kyaftin ya matsa kusa da tudu fiye da kima. Mutum 32 suka mutu, kyaftin ɗin, Francesco Schettino, wanda ya bar jirgin tun da sauran jama'a a ciki, aka ɗaure shi shekara 16. A watan Fabrairu na 2020 kuma aka killace Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan saboda cutar korona, da mutum 3,711 a ciki, 712 suka kamu. An ce fasinja kowa ya zauna a ɗakinsa. To, wa zai kai musu abinci? Ma'aikata ne, waɗanda suka ci gaba da aiki kafaɗa da kafaɗa, suna kwana ɗaki ɗaya. A ganina shirin da ya fi kowane faɗin gaskiya a kan wannan sana'a shi ne The Last Cruise na tashar HBO, na 2021, kuma dalili shi ne yawancin hotunansa fasinja da ma'aikata ne suka ɗauka da wayoyinsu, ba wanda ya nemi iznin kowa. Garuruwan da jiragen ke sauka su ma sun fara ƙosawa. A 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venice, bayan shekaru ana kukan hayaƙi da cunkoso da igiyar ruwan da ke cin gindin gine-gine.

NAMU JIRAGEN FA?

Abin da ya fi damuna duk lokacin da na kalli waɗannan shirye-shirye shi ne, sai ka ce teku ɗaya ce a duniya, tsakanin Southampton da New York. Alhali kuwa mu ma muna da namu tarihin. Shekara da shekaru kamfanin Elder Dempster na Liverpool ne ke riƙe da hanyar Afirka ta Yamma, kuma duk wanda za shi Ingila daga ƙasar nan, Bature ne mai tafiya hutu ko ɗan ƙasa, jirgin ƙasa zai kai shi Ikko, daga nan ya hau ruwa wajen mako biyu. Ta ruwa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi a 1921, ya biya ta Ingila ya sauke farali a Makka. Ta ruwa Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka ziyarci Ingila a 1934. Haka kuma dubban alhazanmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, wasu shekara da shekaru suna tafe suna noma suna tara guzuri, ƙarshen tafiyarsu jirgin ruwa ne daga Sawakin zuwa Jidda. Su ba su ga matakalar faskila ba, a fili suka kwana bisa tabarminsu.

Hanyar tamu ma ta ga nata bala'in. A watan Oktoba na 1942 jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin ruwa ya harbi Abosso, babban jirgin Elder Dempster, mutum 362 suka halaka, 31 kacal suka tsira. Sau nawa mai karatu ya taɓa jin wannan suna a telebijin?

Bayan yaƙi kamfanin ya gina sababbi uku: Accra a 1947, Apapa a 1948, sai autansu kuma mafi girma, Aureol, a 1951, wanda aka gina a Glasgow aka sa masa sunan wani dutse da ke bisa birnin Freetown na Saliyo. Fari ne, da bututun hayaƙi rawaya, yana tsayawa a Las Palmas da Freetown da gaɓar Gana kafin ya iso Apapa. A cikin waɗannan jirage ne samarin da suka zama likitocinmu da lauyoyinmu da hafsoshinmu na farko da yawa suka tafi karatu, a ciki suka fara cin abinci da cokali mai yatsu, a ciki suka fara jin sanyin da ba na hunturu ba. A ƙasansu kuma 'yan Nijeriya da 'yan Saliyo ne ke aikin ƙarfi. A 1959 ma'aikatan Apapa 'yan Nijeriya suka ajiye aiki a Liverpool suna kukan wariyar launin fata daga manyansu Turawa, har sai da gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Wannan labari ne da ya isa a yi masa shiri na awa guda cur, ga takardu a ajiye, ga hotuna. Waɗanda suka hau jiragen nan suna samari yanzu sun haura tamanin, kuma kullum raguwa suke yi. Gidajen telebijin namu da ke sayen shirin Titanic suna maimaitawa, da za su aika yaro ɗaya da kyamara Zariya ko Ibadan ko Kalaba ya zauna gaban waɗannan tsofaffi, da sun sami abin da ba wanda ya riga su.

Shi Aureol ya fi 'yan'uwansa daɗewa. An sallami Accra a 1967, Apapa a 1968, shi kuwa ya ci gaba shi kaɗai, a 1972 aka mai da tasharsa Southampton, a 1974 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe daga Ikko. Wani attajirin Girka, John Latsis, ya saye shi ya sake masa suna Marianna VI, ya kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikatan kamfaninsa, daga baya aka matsa da shi Rabigh. Watau a shekarun nan da alhazanmu suka koma sauka Jidda ta sama, farin jirgin da ya yi shekara 23 yana zirga-zirga tsakanin Apapa da Ingila yana nan ɗaure a bakin Bahar Maliya, ba inda za shi. Daga nan aka mai da shi Girka ya yi ta zama a ruwa, har a 2001, yana da shekara 50, aka kai shi Alang a gaɓar Indiya, inda 'yan gwangwan suka yanyanka shi.